Rediyon Jama'a Ne Ko Kakakin Mai Mulki?

Wannan taƙaitaccen jawabi ne da wani Malami ya gabatar wa matasa a garin Yelwan Yauri bayan sallar Magariba. 'Yan uwa daga Ngaski, Shanga da Warra duk sun halarta.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo (S), Malam ya soma da cewa tun daga rumfar mai shayi har kwale-kwalen masunci a tafkin Kainji, da zarar an ce "rediyo ya faɗa" gardama ta ƙare. Sai ya yi tambaya, "To shi rediyon wa ya faɗa masa?"

Malam ya ce abin ba yau aka fara ba. Gwamnatin Sardauna ta kafa Rediyon Kaduna a 1962, soja suka mayar da shi hannun Tarayya a 1978. A Jamhuriya ta Biyu, 1979 zuwa 1983, lokacin Yauri na cikin Jihar Sakkwato, gidan ya yi ƙaurin suna wajen goya wa NPN baya, alhali Gwamnan Kaduna Balarabe Musa da na Kano Abubakar Rimi 'yan PRP ne. Shi kuma Rimi sai ya kafa jaridar Triumph da talabijin na CTV don a ji nasa ɓangaren. "Kun ga kowa da kakakinsa. Talaka ne kawai ba shi da shi."

Ya ci gaba da bayanin cewa mai mulki ne ke naɗa shugaban gidan rediyon gwamnati, a hannunsa albashi da kuɗin man janareta suke, alhali dukiyar ta jama'a ce. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ya ce ba sai an shara ƙarya ba. Ya isa a buɗe labarai da yabon Gwamna, a tura kukan jama'a can ƙarshe, a ambaci ɗan adawa ranar da ya sauya sheƙa kawai. Ya tunatar da cewa dokar zaɓe ta 2022 ta hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, amma rubuta doka daban, aiki da ita daban.

Daga nan Malam ya dawo gida. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse kusa da Warra. Ran 17 ga Yuni 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Tarayya ta Birnin Yauri. A watan Yuli sai ga takardar hukumar NBC tana jan kunnen gidajen rediyo da talabijin kan bayyana dalla-dallan hare-hare. "In gidaje masu zaman kansu an ja masu kunne, ina ga ɗan jaridar da abincinsa ke hannun gwamnati? Shi ma sau da yawa a ɗaure yake, kada ku zage shi."

Ya gargaɗi matasa kada su ce tunda haka ne sai su koma wa jita-jitar waya, ko su ɗauka gidajen waje da na 'yan kasuwa ba su da ubangida. Ya ce duk labarin da ɗan uwa ya ji ya tambayi kansa abu uku: wa ke da gidan, wa aka bai wa dama ya yi magana, me kuma aka tsallake? Sannan ya saurari gida biyu ko uku kafin ya kai labari majalisa. Abin da ya faru a Shanga kuwa, a tambayi mutumin Shanga.

A ƙarshe ya ce duk wanda ya yaɗa labarin da bai tantance ba, ya zama ma'aikacin wani ba tare da albashi ba, kuma zai amsa tambaya a kansa. Aka rufe da addu'a.