Malami mai sauƙin maki ko mai koyarwa: wanne za ka bi?

Daga nan Haɗejiya nake magana da ku kamar kullum.

Shekaranjiya wani ƙanena da ke aji biyu a fannin injiniya ya kira ni. Ya ce, "Yaya, an raba mu rukuni biyu a kos ɗin makanikis, malamai biyu ne. Ɗaya an ce yana ba da maki, ɗayan kuma an ce wuta ne. Ana barin mutum ya canza a makon farko. Ina zan je?"

To, kun san dai a jami'o'inmu, ko BUK ce, ko ABU Zariya, ko Wudil, galibi sashe ne ke tura malami, kai naka shiga aji. Amma wani lokaci dama irin wannan takan samu. Ko ba ta samu ba, kai ke zaɓen lakcar da za ka lazimta da ofishin da za ka ƙwanƙwasa.

Bari in ba ku nawa labarin. Ni na taɓa samun wannan damar, na ruga wajen mai sauƙi. Handawut ɗinsa shafi kaɗan, tambayoyinsa na bara su ne na bana. Na haddace, na ci A, ina ta taƙama. Da muka shiga aji uku, aka fara kos ɗin ruwa, wallahi sai na zama baƙo a cikin aji. Ashe duk a kan wancan tushen ake ɗora ginin.

Amma inda abin ya fi yi min ciwo shi ne daminar 2020. Kun tuna yadda kogi ya cika, matasa muna kwana a bakin jinga muna jera buhunan ƙasa. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "Injiniya, wannan za ta riƙe kuwa?" Na yi shiru. Abokina da ya zauna a rukunin mai zafin ne ya amsa. Ya ce in zurfin ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake tura jinga sau huɗu yake ninkawa, kuma a gindi ya fi matsawa. Don haka a faɗaɗa gindi, a bar tula buhu a sama kawai. Takardarmu iri ɗaya ce da shi, amma a daren nan na san ba ɗaya muke ba.

Ku duba ƙasarmu fa. Ruwan da ke zuwa mana yana biyowa ta dam ɗin Tiga da na Challawa. Kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Ga aikin noman rani na Auyo, ga gonakin shinkafa da ambaliya ke cinyewa, kamar yadda muka sake gani a 2022. Wa zai yi mana wannan lissafin in 'ya'yanmu haddar handawut suka yi?

Kada kuma a fahimce ni ba daidai ba. Zafi ba shi ne ilimi ba. Akwai malamin da alfaharinsa shi ne yawan waɗanda ya kayar. Wannan ka guje shi, keri-oba ba ado ba ce, kuma iyayenka ne ke biyan kuɗin.

Ga abin da na faɗa wa ƙanena. Na farko, kada ka tambayi waɗanda suka gama kos ɗin jiya, su maki kawai suke tunawa. Tambayi 'yan aji huɗu da biyar, su suka san wanda karatunsa ya yi musu rana. Na biyu, ka tambaya: yana zuwa aji? Yana warware lissafi a allo da hannunsa? In ka yi tambaya yana amsawa, ko gwale ka zai yi? Na uku, ka shiga lakcar kowannensu sau ɗaya kafin a rufe canji, kunnenka ya ji da kansa.

Shekara biyar za ka yi, kuma maki na da muhimmanci, ban musa ba. Amma da C wanda ka fahimta ana gyara shi a gaba. A ɗin hadda kuwa, ranar da kogi ya taso ba za ta fishe ka ba.

Wanda ke da ƙani ko ƙanwa a makaranta, ya isar musu. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, ya kare mu daga ambaliya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.