Jawabi a kan matan da suka yi gudun hijira, mazansu suka ɓace

 Ya ku malamai da almajirai, ina so in yi muku magana a kan wani hakki da muka bari ya kwanta, alhali yana cikin littattafan da muke karantarwa kowace safiya.

Kun san abin da ya auku a ƙasar Borno. A shekarar 2014 Gwoza ta faɗi hannun 'yan Boko Haram, Bama ta bi bayanta, Baga kuma a farkon 2015. Mutane fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu, mafi yawansu ba su ƙetare iyaka ba, suna cikin ƙasarsu, a Maiduguri da Yola da wasu garuruwa. A cikin gudun nan iyali suka rabu. Wani namiji an kashe shi a daji ba mai shaida, wani an tafi da shi da ƙarfi, wani kuma jami'an tsaro suka ware shi wurin tantancewa, aka tsare shi shekaru ba labari. Ƙungiyar Red Cross ta rubuta sunayen ɓatattu fiye da 20,000 a Nijeriya, waɗannan kuwa su ne waɗanda danginsu suka kai ƙara kaɗai.

To matar ɓatacce fa, mene ne matsayinta? Ba a sake ta ba, ba ta yi takaba ba, ba mai ciyar da ita. In ta zauna, yunwa ta ci ta da 'ya'yanta. In ta yi aure a ɓoye, a ce ta yi aure a kan aure. A irin wannan ƙunci ne azzalumai suke samun ƙofa, har aka ji labarin masu gadi da masu rabon abinci a sansani suna neman mata da mudun hatsi. Allah ya isa.

Ku sani malamanmu na Malikiyya ba su bar mas'alar nan ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid an sanya wa matar ɓatacce wa'adin shekara 4, daga lokacin da ta kai ƙara aka bincika ba a samu labarinsa ba, sa'an nan ta yi idda irin ta mutuwa, wata 4 da kwana 10, ta yi aure in ta so. Ku lura da kyau: ba daga ranar ɓacewa ake ƙidaya ba, daga kai ƙara ne. Ke nan macen da ta yi shekara 10 tana kuka a bukka, ba wanda ya kai ta gaban alƙali, wa'adinta bai ma soma ba. Laifin wa? Ita ba ta karanta Risala ba, mu muka karanta. Kuma jiran nan sharaɗinsa akwai dukiyar miji da ake ciyar da ita daga ciki. In babu, kamar yadda yake ga mafi yawan waɗanda aka ƙone musu rumbu aka kore musu dabbobi, tana da ikon neman alƙali ya raba auren saboda rashin ciyarwa, ba sai ta jira shekarun nan ba. In wani ya ce ai babu alƙali a inda take, sai in ce Muhtasar na Halilu ya ba jama'ar Musulmi ikon tsayawa matsayin alƙali in an rasa shi. Amma inda kotu take, can za a kai ta, kada kowa ya yanke hukunci a zaure.

Hukuma ma akwai nata nauyin. A 2009 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniya a Kampala domin masu gudun hijira cikin ƙasarsu, Nijeriya ta amince da ita a 2012. A ciki an ɗora wa gwamnati neman waɗanda suka rabu da iyalinsu da sada su, da ba mace takardar shaida da sunanta, ba da sunan miji ba. Wanda ke tsare da mutum kuwa, mafi ƙarancin adalci ya sanar da matarsa yana raye ko ya mutu. Da aka rufe sansanin Bakassi a Maiduguri a ƙarshen 2021, da wasu bayansa, mutane suka warwatsu cikin unguwanni da garuruwa, har ya zama mijin da aka sako sai ya sha wahala kafin ya gane inda iyalinsa suke.

Abin da nake roƙo ga kowane limami shi ne ya sa matan gidansa su bincika masa matan nan a unguwarsa, gama mace ba ta faɗa wa namiji baƙo irin wannan damuwa. A rubuta sunan miji da garinsa da ranar da aka rabu da shi, a kai wa masu neman ɓatattu. Sa'an nan dattawa biyu su raka ta kotu, kuɗin mota da na takarda a fitar daga abin da ake tarawa ranar Juma'a. Wadda ta zaɓi ta jira mijinta kuwa kada a matsa mata, a dai sa ta cikin rabon zakka.