Sana'ar Wayarin: Aikin Mai Bin Ƙa'ida

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan manya na Batsari da Safana

 

Kowa ya san halin da muke ciki. Rashin tsaro a kewayen dajin Rugu ya raba matasa da yawa da gonakinsu. Suna zaune a gari, ba aikin yi. Shi ya sa yau zan yi magana a kan sana'a ɗaya, wato wayarin da haɗa kayan lantarki.

A cikin yaranmu akwai wanda ba ya son kame-kame. Idan an nuna masa hanya, ita zai bi kullum. Wasu na ce masa mai sanyin jiki. To, irin wannan yaro shi wayarin ke nema. Mai gaggawa da mai cewa "bari in gwada dabarata" su ne ke jawo gobara.

Ga dalili. Wutar da ke shiga gida ƙarfinta ya kai bolt 230, tana iya kashe mutum nan take. Saboda haka komai an riga an tsara shi. Jar waya ita ce mai wuta. Baƙa ita ke mayar da wutar. Koriya ta ƙasa ce, ita ke kare mutum idan wuta ta zarce jikin ƙarfe. Wasu sababbin wayoyi kuma launinsu ruwan ƙasa ne, da shuɗi, da kore mai ratsin rawaya. Kauri ma da ƙa'idarsa: mai lamba 1.5 ta ƙwan fitila ce, mai 2.5 ta soket. Wanda ya sa siririya a soket don neman sauƙi, ranar da kayan wuta suka yi mata yawa sai ta yi zafi ta narke. Kafin a taɓa kowace waya, a kashe wuta daga babban makunni, a gwada da testa. Ko da an ɗauke wuta, a kashe, don ba ta sallama idan za ta dawo.

Haɗa sola ma haka yake. Batir ake fara jonawa da na'urar da ke daidaita caji, sannan farantin. Ja a alamar tarawa, baƙi a alamar ɗebewa. Yanzu ga rijiyoyin burtsatse masu sola, ga shagunan cajin waya, duk suna bukatar mai gyara na kusa.

Ina ake koyo? Yawanci a wurin maigida ake farawa, har a yaye mutum. Amma ina ba ku shawara kada a tsaya nan. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na 3 a ƙare a na 1. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wayarin takardar shaida. Mai son zurfafawa kuma, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina.

Abu ɗaya iyaye su ja wa yara kunne a kai. Aikin mai wayarin daga bayan mita yake farawa. Hawa falwaya da taɓa mita aikin kamfanin KEDCO ne, wanda ke raba wuta a Katsina, Kano da Jigawa tun 2013. Ko nawa maƙwabci ya ba yaro ya jona masa ta bayan fage, kada ya karɓa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.