Fadar Pitti da Abin da Bangonta Ke Faɗa



Mun saba koya wa yara tarihi da jerin sunayen sarakuna, alhali gini ma shaida ne. Mu ɗauki Fadar Pitti da ke birnin Fulorans a Italiya. A 1458 attajiri Luka Pitti, mai harkar banki, ya aza harsashinta. Da gangan aka bar fuskar duwatsunta da kaushi, don mai wucewa ya ji kwarjinin gidan tun daga nesa. An ce burinsa ya shafe iyalan Medici, masu faɗa-a-ji a birnin. Ya rasu a 1472, ginin bai kammala ba, kuma a 1549 zuriyarsa suka sayar da fadar ga Eleonora, matar Kosimo na Medicin nan dai.

A 1565 Basari ya gina rufaffiyar hanya ta saman gadar kogin Arno, domin mai mulki ya isa fadar gwamnati ba tare da ya goga kafaɗa da talakawa ba. A nan muke so ɗalibanmu su tsaya su yi tambaya: tsoron me ya sa aka gina ta?

Sai a 1919 sarkin Italiya ya miƙa fadar ga al'umma. Yau gidan tarihi ce.