Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Kan Karan Dawa

Iyayenmu ardo-ardo, 'yan'uwa makiyaya da fatake, Allah ya ƙara albarka a dukiya.

Maganar da na zo da ita ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba, domin ta shafi kara, kara kuwa shi ne abincin shanunmu da rani. Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, duk wanda ya san kasuwar Muwailih ta yamma da Omdurman ya ga yadda motoci ke sauke kara da harawa. Manomi ya gane kara kuɗi ne, sai ya sare shi har ƙasa, ya bar gona tsirara.

To, gona tsirara ba ta riƙe ruwa. Ɗigon ruwa ya bugi ƙasa, fuskarta ta toshe, ruwa ya bi ta kai da gudu ya kwashe taki. Dattawa sun tuna watan Agusta na 1988, da ruwan dare ɗaya a Khartum ya fi na shekara guda, da kuma ambaliyar 2013 a Gabashin Nilu. Wanda ruwa ya bari, guguwar habub ta ɗauke. In kuwa kara na kwance, shi ke tare ɗigon, ya rage gudun ruwa. Gara ta ci shi, ta huhhuda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga.

A Sadore, kusa da Yamai, masu bincike na ICRISAT sun gwada da karan gero a farkon shekarun 1990. Ton 2 a hekta, wato kamar kilo 840 a faddan ɗaya, ya rage yashin da iska ke kwashewa da kusan rabi. Kilo 500 a hekta bai yi abin a zo a gani ba.

Wani zai ce, ashe so ake shanu su kwana da yunwa? A'a. Saniya karmami take so da kan kara mai laushi. Gindin mai kauri ko ta tauna ba ya ƙara mata nama. Shi za a bari. Ni a ganina babban mai laifi shi ne mai cinna wa gona wuta, wanda ya hana saniya ya hana ƙasa.

Abin da muke roƙo: in za ku sayi gona bayan girbi, ku yi ciniki a gaban shaidu cewa za a bar gindin kara tsaye kamar kamu ɗaya, ba tuɓewa, ba ƙonawa. Shanu su kwana a ciki su zuba kashi, amma a fitar da su kafin kofato ya mai da ƙasa gari. Fatake masu sayen kara a mota, ku ma sharaɗin ya hau kanku.