Kamshaf da Taimin Bel: Kula da Injin Dizal a Karkarar Arewacin Kano



Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana aikin wasu abubuwa biyu na cikin injin mota mai shan man dizal, wanda direbobi ke kira gas, watau kamshaf da taimin bel, da dalilin da ya sa ya wajaba a canza su tun mota tana tafiya da ƙafarta.

Ƙasa da abin hawanta

Wanda ya bar Kano ya nufi Dambatta ko Bichi ko Minjibir zai ga gona tana bin gona, gari yana hangen gari, da ƙyar a sami fili wanda fartanya ba ta taɓa ba. Wannan ne yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa a shekarun 1960, ya nuna yadda jama'a masu yawa ke noma ƙasa ɗaya kowace shekara ba tare da ta mutu ba, domin suna ciyar da ita da taki. A wancan zamani jaki ne ke kai itace da hatsi birni, ya komo da taki. Yau mota ta karɓi mafi yawan wannan aiki. Ita ke kai gero da dawa da wake Dawanau, ita ke kai dabbobi kasuwar Dambatta ran Lahadi, ita ce kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Wasu daga cikin motocin nan, musamman a-kori-kura da ƙananan bas irin su Toyota Hilux da Hiace, injin dizal gare su. In ɗaya ta kwanta da kaka, asarar takan kai ga manomin da kayansa suka rasa kasuwa, da direba, da yaron mota, da iyalansu duka.

Yadda injin ke aiki

Injin dizal, wanda Bajamushe Rudolf Diesel ya kammala na farkonsa mai aiki a 1897, ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har ta yi zafin da in aka fesa mata mai sai ya kama da kansa. Kowace silinda tana da ƙofofi da ake kira bawul, na shigar iska da na fitar hayaƙi. Abin da ke buɗe su shi ne kamshaf, wani sandan ƙarfe mai tozaye a jere, kowane tozo in ya juyo sai ya danna bawul ɗinsa. A ƙasa kuwa akwai karanshaf, wanda fistin ke juyawa. Dokar ita ce, karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. Alal misali, in injin yana juyi 3,000 a minti guda, kamshaf yana yin 1,500, watau kowane bawul yana buɗewa sau 25 a daƙiƙa ɗaya.

Abin da ke riƙe wannan doka shi ne taimin bel, wani ɗamara na roba mai haƙora, da zaren gilas a cikinsa don kada ya miƙe. A yawancin injinan dizal shi ne kuma ke juya famfon da ke aika mai. Saboda tsananin matsin da dizal ke bukata, fistin yakan hau har wurin da bawul ke leƙowa in ya buɗe, lokaci ne kaɗai ke raba su. Da bel zai tsinke, ko ya tsallake haƙora kaɗan, sai kamshaf ya tsaya alhali fistin yana tafe da ƙarfinsa. Nan take bawul su lanƙwashe, wani lokaci kamshaf ya karye, kan injin ya tsage.

Daga sarƙa zuwa bel

Akwai dalilin tarihi da ya sa ake sakaci da wannan abu. Manyan makanikai da yawa na ƙasar nan sun koyi sana'a ne a kan Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin Kaduna da ya soma aiki a 1975. Ita kuwa sarƙar ƙarfe ke juya kamshaf ɗinta, sarƙa kuma in ta tsufa takan yi ƙara, ta ba mai ita labari tun da sauran lokaci. A Turai an riga an soma komawa ga bel tun 1962, kuma a 1976 Volkswagen ya fito da Golf mai dizal wadda ke amfani da shi. Da motocin gwanjo suka cika ƙasa ta hanyar Kwatano, sai bel ya iske mutanen da suka saba jiran ƙara. Shi ko bel ba ya kuka. Ana iya dubansa da safe a ga bayansa sumul, da la'asar ya zubar da haƙora.

Don haka ne masu ƙera motoci suka ɗora canjinsa a kan lissafi. Kowace mota da nata adadin a littafinta, amma da yawa yana tsakanin kilomita 60,000 da 100,000, ko kuwa shekara huɗu zuwa shida, duk wanda ya riga zuwa. Wasu motocin Toyota har fitila gare su da ke kamawa in wa'adin ya cika. A ɗauki motar haya da ke zuwa Kano daga Dambatta sau biyu a yini, tafiyar kimanin kilomita 50. Za ta ci kilomita 200 kullum, cikin kwana 300 na aiki ta ci 60,000. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga lodi fiye da kima, waɗanda duk ke rage wa roba kwana.

Cinyewar kamshaf

Kamshaf shi a hankali yake mutuwa. Tsakanin tozo da tafet ɗin da yake dannawa babu kome sai ɗan siririn baƙin mai. In man ya daɗe ba a juye ba, ko na jabu ne, ko filtar iska ta huje ƙurar hanyar burji ta shiga, sai man ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Tozo ya side, bawul ya daina buɗewa sosai. Alamunsa su ne ƙwanƙwasa daga saman injin, raguwar ƙarfi a hawa, baƙin hayaƙi, da burbushin ƙarfe a cikin man da aka juye. Wasu injinan Volkswagen na TDI da aka soma yi a ƙarshen shekarun 1990 sun fi saurin wannan ciwo, domin kamshaf ɗinsu shi ne kuma ke danna nozul, saboda haka suna da irin man da aka keɓe musu, wanda ba a musanya shi da kowane mai na bakin hanya.

Yadda ake aikin

Tun da ba a cire kamshaf sai an sauke bel, hikima ita ce a haɗa aikin biyu. Makanikin kirki yakan fara cire batir, sa'an nan ya juya injin da hannu har fistin na ɗaya ya kai maƙurarsa ta sama, alamomin da ke kan karanshaf da kamshaf da famfon mai su daidaita, ya kulle su. Sai ya sassauta abin da ke ɗame bel, ya zare tsohon. Murafun da ke riƙe kamshaf kaɗan-kaɗan ake kwance su bi da bi, a jera su yadda aka same su, domin kowanne da gurbinsa. Ba a ɗora sabon kamshaf a kan tsofaffin tafet, in an yi haka cikin ɗan lokaci za su cinye shi. A shafe tozaye da mai mai tsabta, a sa sabon sil, a ɗaure kusoshi da sufana mai awo gwargwadon abin da littafi ya faɗa.

Sabon bel ba a naɗe shi, ba a tura shi da sukundireba, kuma ba a bari mai ya taɓa shi. Tare da shi ake canza abin ɗamewa da ƙananan gargaren da yake bi, har da famfon ruwa in shi ke juya shi, domin ɗayansu in ya cije daidai yake da tsinkewar bel. Kafin a sa makulli, a juya karanshaf da hannu sau biyu cif, a sake duba alamomi. In an ji ya tokare, a tsaya, akwai kuskure. Daga nan a zuba sabon mai da sabuwar filta. Wajen saye kuwa, ko a Ƙofar Ruwa ko a ina, bel ba ya cikin abubuwan da ake saya na hannu. Araha ba ta ado.

Kammalawa

Abin da ya rage aikin alƙalami ne. Duk wanda ya sayi motar gwanjo ya ɗauka bel ɗinta ya tsufa, ya canza shi nan da nan, domin agogon kilomita na irin waɗannan motoci ba abin dogara ba ne. Ranar da aka canza, a rubuta kwanan wata da adadin kilomita a jikin murfin bel da kuma cikin littafin mota. Ma'aikacin da aka damƙa wa motocin ƙaramar hukuma ko na asibiti ko na ma'aikatar gona ya sa kuɗin wannan aiki cikin kasafin shekara, kada ya jira takardar direba mai cewa mota ta mutu a hanya. Ɗalibin injiniya kuma ya kai wannan lissafi gareji da harshen da makaniki ke ji.

Manomin wannan yanki da rani yake kai taki gona, tun hadari bai haɗu ba, bai taɓa jiran shuka ta yi ja kafin ya nema ba. Mai mota ma yana da nasa lokacin, watau tsakiyar damina, sa'ad da lodi ya yi sauƙi, kafin gero ya shigo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.