Wutar Sola a Gidajenmu: Alfanunta da Ɗawainiyarta



An nemi mu yi tsokaci a kan wutar hasken rana, wadda yanzu kowa ke kira sola. Mu dai ba injiniyoyi ba ne, alli da allo muka sani. Sai dai mun yi karatu da aci-bal-bal, mun duba littattafan yara da fitilar ƙwai, mun ga NEPA, mun ga PHCN da ta gaje ta a 2005, mun kuma ga kamfanonin rarraba wuta da aka miƙa wa harkar a 2013. Suna ya yi ta canzawa, duhun bai canza ba.

Abubuwa uku suka kora jama'a zuwa ga sola. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 1,000 a 2024, sai janareta ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga waɗanda aka ce suna samun awa 20 a rana, daga kusan Naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Sannan a Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna. Wanda yake da faranti a kan rufinsa a lokacin, gidansa ya zama wurin cajin wayar unguwa.

Alfanun ba ya buƙatar dogon bayani. Rana ba a saye, kuma Allah ya hore mana ita fiye da yawancin ƙasashen da suke ƙera kayan. Babu ƙara, babu hayaƙin janareta wanda ya sha halaka iyali guda cikin barci. Faranti mai kyau yakan yi shekara 25 yana aiki. Tsohuwa ta kwana da fanka a bazara, yaro ya yi bitar karatunsa bayan isha'i, uwargida ta sa firiji ta sayar da ƙanƙara da zoɓo. Inda ya fi burge mu shi ne rijiyar burtsatse: famfon yana tura ruwa cikin tanki da rana, ba ya buƙatar batir ko ɗaya. Ko Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe tata tashar solar a 2019.

Amma ga inda muke roƙon ku saurara da kyau, musamman ku da kuke aiko da kuɗi a sa wa iyaye. Farantin ba shi ne zuciyar aikin ba, batir ne. Faranti yana tara wuta da rana, batir ya adana, inbata ta juya ta zuwa irin wadda kayan gida ke ci. Batir mai ruwa, wanda aka yi da dalma, ba ya son a zuƙe fiye da rabin abin da ke cikinsa, ba ya kuma son zafi. A irin ɗakunanmu masu rufin kwano, shekara biyu zuwa uku ya gama. Na litiyom ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, sai dai kuɗinsa na farko yana da nauyi. Kusan dukkan kayan nan daga waje ake shigo da su, yawanci daga Sin, don haka da darajar Naira ta faɗi bayan Yunin 2023, farashinsu ya bi dala.

Mun ɗanɗana da kanmu. 'Ya'yanmu suka haɗa kuɗi aka sa mana, wani mai sana'ar ya zo daga birni ya ɗaura a wuni guda, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bai zauna ya yi wa kowa bayani ba. Wata takwas muna murna. Ashe jikoki suna jona dutsen guga, da safe kuma a jona hita a dafa ruwan wanka. Dutsen guga ɗaya yana cin wajen wat 1,000, abin da zai kunna ƙwan zamani ɗari masu wat goma-goma. Batura biyu suka mutu. Da aka kira wani ya duba, sai ya ce dama gwanjo ne aka goge aka sake musu takarda. Araha ba ta ado. Muka koma wa tocila har wata biyar, saboda mun ji nauyin sake tambayar yaran. Mun san gidaje da dama a garin nan da faranti ke kan rufi kamar ado, iyaye sun yi shiru don kunya, 'ya'ya a birni suna zaton akwai wuta.

Akwai kuma ƙura. Da hunturu hazo yakan rufe rana, ƙura ta kwanta a kan faranti, wutar ta ragu sosai in ba a wanke ba. Wa zai hau rufi ya wanke? Ba dai dattijo mai shekara saba'in ba. Abin mamaki ma, zafin bazara yana rage ƙarfin faranti, domin haske yake so, ba zafi ba. Da damina a yi kwana biyu ana hadari, batir bai cika ba. Siririyar waya da mugun haɗi suna jawo gobara, ɓarayi kuma sun gane kayan suna da kasuwa.

Mataccen batir shi ma abin lura ne. Kada a bar yara su fasa shi, kada a zubar da ruwansa a tsakar gida. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Waccan daga haƙar zinariya ta fito, amma dalmar ɗaya ce da wadda ke cikin batir.

Saboda haka muna ba Ƙungiya shawara. Kafin kowa ya aiko da kuɗi, a zauna a lissafa abin da gidan zai kunna: ƙwai nawa, fanka nawa, da firiji ko babu, awa nawa a dare. A sayi kaya da rasit da takardar garanti. A raba layin dutsen guga da hita daga na sola tun wajen haɗawa. Duk wanda ya sa wa iyayensa, ya riƙa ware wani abu duk wata domin ranar canjin batir, domin tana nan tafe.

Sannan muna roƙon a ɗauki nauyin matasa huɗu ko biyar daga cikin waɗanda suka gama sakandare suna zaune, a tura su koyon haɗawa da gyara, su dawo su riƙa zagaya gidaje suna wanke faranti da duba ruwan batir a kan ɗan kuɗi kaɗan. Mun miƙa wa Sakatare wannan shawara a rubuce, domin a sa ta cikin abubuwan da za a tattauna a zaman gobe.